Haƙorina da Ayar Taubashina

Ni ne ban yi daidai ba. Na fara da wannan don kada mai karatu ya wahala yana neman mai laifi a cikin labarin. Ba lokotoro, wato likitar da ta duba ni, ba ce, ba aya ba ce, ba kuma taubashina ba ne, ko da yake shi ma in za a rubuta halayensa sai an ƙaro takarda. Laifin nawa ne, ni da wani haƙori guda da ke can ƙuryar bakina, gefen dama, a ƙasa.

Sana'ata dillancin aya a kasuwar Gazawa. Ban daɗe a lakol, wato makarantar boko, ba babana ya ga zaman bai karɓe ni ba, ya ɗauko ni ya zaunar a rumfarsa. In an tone aya an rairaye ƙasarta, manoma su loda a amalanke su kawo, masu saye kuma su zo daga ƙetaren iyaka da manyan motoci. Mai saye ba ya tsoron tsada kamar yadda yake tsoron jiƙaƙƙiyar aya. Akwai masu yayyafa mata ruwa kafin ranar kasuwa don ta kumbura ta cika tiya da wuri, sannan su baza ta ta sha iska bayanta ya bushe. Ido ba ya ganewa, hannu ma haka. Sai ta yi tafiya a ɗaure cikin buhu a buɗe a tarar ta yi funfuna. Haƙori kaɗai ke kama ta.

Kowa na da haƙori, amma nawa kasuwa ta yarda da shi. Sai in cusa hannu tsakiyar buhu in zaro guda, in goge ta a hannun riga, in ɗora kan turmin nan nawa, wato haƙorin ƙurya, in rufe ido, in ciza. Busasshiya takan turje tukuna, sannan ta fashe ƙaras, ka ji abin har cikin kunne. Wadda ta sha ruwa kuwa lotsawa take yi kaɗan kafin ta fashe, lotsawar da ba kowa ke jin ta ba. In na ce "ta yi", a fara awo. In na tofar na yi shiru, mai kaya ya ɗaure buhunsa. Rufe idon ba ya ƙara komai, na dai lura yana burge masu saye.

A nan akwai abin da ya kamata a sani. Bakina ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ni mai surutu ne, in na ga tunkiya biyu kafin in iso rumfa sun zama garke. Mutanen kasuwa sun raba ni gida biyu: abin da harshena ya faɗa su yi dariya, abin da haƙorina ya faɗa su auna. Wannan haƙori shi ne gonata, shi ne rumbuna. Ba ni da wani abu a duniya da ake girmama ni saboda shi in ba shi ba.

Taubashina ɗan gwaggota ne, ƙanwar babana da aka kai aure Cadakori. Can ya tashi, ya kwaso harshen Gobir, daga baya ya dawo wajenmu ya samu gona a wani ƙauye tsakanin Agiye da Gazawa. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka bawana nake ce masa. Shi kuma ya raɗa mani maigida marar rumbu, don ban taɓa noma abin da zai ƙosar da kaza ba. Duk ranar kasuwa tun daga nesa nake hango jakinsa mai yankakken kunne, in ɗaga murya:

"Ku matsa, bawana ya kawo tsakuwa."

Shi kuma ya ce, "Maigida marar rumbu, ka karya a gida yau, ko da ayar mutane za ka ƙoshi kamar kullum?"

Sai a yi dariya, in ciza, in ce ta yi. Ayarsa ba ta taɓa faɗuwa a haƙorina ba. Mutum ne mai shanya har sai matarsa ta yi ƙorafin babu wurin taka ƙafa a tsakar gida.

Ciwon ya fara ne da ruwan randa. In na kurɓa sai in ji kamar an soka mani tsinke. Daga nan ya koma shayi, daga shayi ya koma ko iska na shaƙa ta baki. Harshena ya gano wani ɗan kogo a saman turmin, ya riƙa kai masa ziyara ba dare ba rana. Na cusa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, na ɗaura rawani har haɓa kamar mai shirin shiga sahara. Wani ya ce in ɗiga ruwan batir, Allah ya taimake ni tsoro ya hana ni. Da abin ya ƙi, na je wurin wanzamin unguwarmu. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya juya ya fara lalube a zabirarsa. Da na ga kan awartaki ya leƙo, ban tsaya neman takalmina na hagu ba.

Ba zafin cirewa na gudar wa ba. A cire wannan haƙori daidai yake da a rushe rumfata.

Taubashina da ya ji labari ya zo har gida, ya zauna ya dube ni da kumburarren kunci, ya ce, "A bari wanzami shi cire shi mana. Sai a sa mai zare a rataye a rumfa, duk mai saye ya zo shi ciza da kainai. Kai ma ka huta, mu ma mu huta da surutunka."

Amma shi ne ya ce ya ji a Maraɗi akwai masu gyaran haƙori ba tare da sun cire ba, shi ne kuma ya raka ni tasha, ya shiga mota tare da ni. Ya ce ba don tausayi ba, so yake ya ga ubangidansa yana kuka a hannun likita ya samu abin ba jikoki labari.

Lokotoron mace ce, a idona ba ta wuce sa'ar ƴata ta fari ba. Ta kwantar da ni a wata kujera mai komawa baya da kanta, ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna mani a gaban fitila. Ban taɓa sanin haka yake ba. Ashe abin da nake taƙama da shi rabi ne, sauran yana binne da saiwoyi kamar rogo. A gindin saiwa ɗaya akwai wani baƙin tabo.

Ta ce, "Baba, a cikin haƙori akwai ɗan ɗaki, a cikin ɗakin akwai jijiya, ta bi ta ƴan siraran hanyoyi ta sauka har ƙarshen saiwa. Ruɓar ta ci ta kai ga jijiyar, shi ya sa ba ka barci. Hanya biyu ce. Ko a cire, ko a yashe shi."

Na ce, "A yashe shi kamar rijiya?"

"Kamar rijiya. In buɗe ta sama, in kwashe jijiyar da ta lalace, in wanke hanyoyin, in sa magani in toshe. Ka je ka dawo in sake dubawa, in ya yi tsabta in cike saiwoyin, daga ƙarshe a sa mashi hula don kada ya tsage."

Taubashina da ke tsaye bakin ƙofa ya ce, "Hula? Shi ubangidan nawa tashi hular ta aro ce."

Na tambaye ta ko haƙorin zai rayu. Ta ce, "Zai zauna. Zai tauna tuwo, zai tauna nama. Amma ba zai ƙara jin sanyi ko zafi ba, jinsa ba zai zama kamar da ba." Duk wannan bayani kunnena kalma biyu ya ɗauka, zai zauna. Sauran na bar mata.

Ta yi mani allura a dasashi. Jim kaɗan leɓena ya zama na wani, na taɓa shi na ji kamar ina taɓa bakin jaki. Ta kunna wani ɗan inji mai kukan sauro, in akwai sauro mai girman akuya, wani tiyo kuma yana zuƙe yawu ta gefe. Daga nan ta ɗauko wasu ƴan allurai masu kawuna kala-kala, sirara kamar ƙayar aduwa, ta riƙa zurawa tana murzawa tana zarowa, ta canza wata ta sake. Ina jin motsin can cikin ƙashi amma babu zafi. Ni da na zo da niyyar nuna jarumta sai na rasa inda zan nuna ta. Taubashina ya gaji da jiran kuka, ya matso ya ce a nuna masa jijiyar. Ta nuna masa a kan auduga, wani ɗan zare ja-ja wanda bai kai gashin gemu ba.

Ya ce, "Wanga ɗan abu ne ya sa ubangidana gudu da takalmi guda? Lokotoro, ki naɗe min shi in kai gida."

Ta kore shi da dariya. Ya ce to bari ya je ya sayo tsire ya ci a gabana, tunda ni an hana ni. Fitarsa ke nan ta toshe ramin da wani farin abu, ta cire ƙyallen bakinta, ta yi mani magana a hankali kamar mai yi wa yaro. Ta ce wannan siminti na wucin gadi ne, mai laushi ne da gangan don ta iya cire shi. Kada in tauna abu mai tauri a wannan gefen, ko da ƙashin kifi. In dawo mako mai zuwa ko da na ji garau, don jin garau ba shi ne warkewa ba. Na ce to. Ban gaya mata sana'ata ba. Taubashina kuma bai ji wannan gargaɗi ba, yana can wurin mai tsire yana rigimar a ƙara masa albasa.

Ciwo ya ɗauke ɗif. Na yi barci, na sha ruwan randa har da gayya. Sai na ce wa kaina, wace komawa kuma? Ai masu aikin likita haka suke, in ba su ce ka dawo ba ba su jin sun yi aiki.

Ranar kasuwa na isa rumfa da wuri na baza labari. Na ce an yi wa haƙorina siminti irin na gada, yanzu ko dutse na ciza sai ya faɗa mani ko ya sha ruwa. Mutane suka yi layi suna leƙa bakina. Har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo.

Taubashina ne ya fara isowa da kaya. Ya ce ya yi sammako ne don sabon haƙori ya buɗe baki da ayar kirki, kada a lalata shi da ta banza. Akwai wani alhaji daga kudu da ke sayen kaya da yawa a hannuna, yana tsaye, motarsa na jira. Na yi kirarin tsakuwa kamar kullum, aka yi dariya. Na zaro aya, na goge, na ɗora, na rufe ido, na ciza.

Ta lotsa. Ba ƴar lotsawar nan da nake kamawa ba, nutsewa ta yi kamar na ciji dafaffen wake. Na ƙara dannawa, ta ƙara nutsewa. Na buɗe ido na tofar. Guntu ne ya fito, ban lura ba.

Taubashina ya yi dariya ya ce, "Bar wasa, maigida, Alhaji na sauri."

Na ce, "Ba wasa ba ne. Ta sha ruwa."

Ya dube ni yana jiran in fashe da dariya. Ban fashe ba, don a wannan lokacin da gaske na yarda da abin da na ji, har ina jin haushinsa a raina. Ya ɗebi aya ya watsa a bakinsa ya tauna, kowa ya ji ƙaras ƙaras. Amma a kasuwa ba a karɓar shaidar haƙorin mai kaya. Alhaji ya ce Allah ya kyauta, ya matsa gaba. Taubashina ya ɗaure bakin buhunansa ɗaya bayan ɗaya, ya juya kan jakinsa.

Da a nan abin ya tsaya, da kuskure ne. Laifin yana gaba.

Da aka kira azahar na tsuguna alwala, na kurkure baki na zubar, sai na ga farin gari-gari a ƙasa kamar an fasa alli. Na aika harshe. Siminti babu, rami ya buɗe, wani abu mai tauri ya cushe a ciki ya zauna daram. Nan take na gane. Ba ayar ce ta lotsa ba, haƙorina ne ya lotsa. Ayar ce ta ci simintin lokotoro da yaƙi ta shige ciki. A lokacin amalanken taubashina bai yi nisan da mai babur zai kasa cim masa ba. Na tsaya da buta a hannu ina lissafi. In na faɗa, na faɗa wa kasuwa cewa haƙorin da take auna kaya da shi ya zama rami. Na idar da alwala, na yi salla, na koma rumfa na ci gaba da cizon ayar mutane.

Da gefen hagu na riƙa yi, wanda bai san komai ba, kamar a ba mutum alƙalami a hannun da bai saba ba. Sai in rufe ido rabi, in riƙa leƙen fuskar mai kaya ta ƙasan gira. Wanda na ga yana haɗiyar yawu in tofar, wanda ya tsaya ƙyam in ce ta yi. Haka na yi makonni ina dillanci da duban fuska. Allah ya rufa asiri babu wanda ya dawo da buhu, amma ban san mutum nawa na kora don kawai ƙishirwa ta sa sun haɗiyi yawu ba.

Shi kuwa taubashina suna ya bi shi. Ya kai kayan kasuwar Agiye, ya tarar labari ya riga jakinsa isa. Matan da ke masa rairaya aka riƙa tambayarsu ko su ke ɗebo ruwan. Ya mayar da buhunan ɗaki ya jingine. Ni kuma na samo wa kaina magana mai daɗi, na ce ai taimakonsa na yi, in ya ajiye zuwa bazara aya za ta yi tsada.

Muka haɗu a wani suna na dangi. Na hango shi na ɗaga murya yadda na saba, "Wa ya bar bawa ya zauna kan tabarma?"

Sai ya miƙe tsaye. Ya gyara mani tabarmar da hannunsa, ya ɗan rusuna ya ce, "Ina kwana, Malam. Ina gajiya. Ina iyali."

Na ce, "Kai, bawana."

Ya ce, "Na'am, Malam. Bismilla, zauna."

An zage ni a duniya, an taɓa kora ta da muciya, amma ban taɓa jin abin da ya yi mani ciwo kamar wannan ladabi ba. Mutumin da tun muna yara bai taɓa barin in gama magana bai tsoma mani baƙa ba, yau shi ke miƙo mani ruwa da hannu biyu. Da aka kawo waina ya tura mani babba. Na kasa ci.

A gida mai ɗakina ta ce, "Mi ka yi mashi?" Na ce ban yi komai ba, girma ne ya zo masa. Ta ce, "To. In ba ka faɗa mani wannan ba, faɗa mani abin da ya mutu a bakinka, don tun shekaranjiya nake juya maka baya." Kwana kaɗan kunci ya sake hawa, ciwo ya dawo, wannan karon daga can gindi, mai bugawa kamar ana daka. Na shiga motar Maraɗi ni kaɗai, babu mai zolaya ta a hanya. Ban san hanyar na da tsawo haka ba.

Lokotoro ta leƙa ta ɗago ta dube ni. "Baba, yaushe na ce ka dawo?" Na ce harkoki ne suka yi yawa. Ta sa wani ɗan ƙarfe ta yi ta ƙwaƙula, can ta zaro abu ta ajiye a faranti. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wannan mene ne?"

Na ce, "Aya ce."

"Shuka ta ka yi? Da ka ƙara mako da na tarar da ganye."

Na dubi guntun nan. Ya kumbura ya yi fari sol, ya ninka yadda ya shiga. Ita abin dariya ta gani, ni kuwa na san aya. Wadda aka riga aka jiƙa ba ta shan ruwa haka, ta riga ta ƙoshi. Wannan ta shigo bakina da ƙishirwar tsakar gidan taubashina, ta zauna tana shan yawuna tana ba da shaida a inda babu mai ji sai ni.

Lokotoro ta ce saura ƙiris in rasa haƙorin. Datti ya koma cikin hanyoyin da ta wanke, kuma da tsagewa ta kai saiwa da babu sauran magana sai cirewa. Allah ya sa bai tsage ba. Aka sake yasa daga farko. Wannan karon duk ranar da ta ce in zo ina bakin ƙofa kafin mai shara. Da ya yi tsabta ta cike saiwoyin da wasu ƴan tsinkaye kamar na roba, ta cusa mani wani kwaɓi a baki ta ɗauki siffar haƙorin, daga baya aka kawo hular ƙarfe ta kafa. A ranar ne na gaya mata sana'ata. Ta yi dariya har ta zauna. Sannan ta ce, "Baba, na ceto maka shi don cin abinci. Wancan aikin ya ajiye shi. In ka mayar da shi, ni da kai sai awartaki."

Kada a ɗauka daga nan na shiryu. A mota ina dawowa na leƙa bakina a madubin direba, na ga ƙarfe na walƙiya, sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na ce ai wannan ya fi siminti. In na ce wa kasuwa yanzu haƙorin ƙarfe gare ni, wa zai ƙara musu da ni? Kafin mu wuce Agiye na gama tsara jawabin.

Mai ɗakina ce ta ɓata shi. Na gaya mata shirin, ta ce in rufe ido, ta sa mani aya a hannu. Na ɗora kan hula na danna a hankali. Abin da na ji kamar mutum ya taka tsakuwa da takalmi, ya san dai ya taka wani abu. Na yi fuskar aiki na ce, "Ta yi." Ta ce, "Madalla. Da safe na yayyafa mata ruwa na shanya, don kai." Daga nan na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta ce dai in ci tuwo, tunda shi aka gyara haƙorin domin shi.

Bazara ta yi nisa, manoma sun fara neman taki, sai ga jaki mai yankakken kunne ya shigo kasuwa. Buhunan nan ne dai, na gane su da ɗaurin. Alhajin kudu yana nan a rumfa. Taubashina ya sauke, ya kwance bakin buhu, aya ta bayyana tsaf, babu funfuna ko ɗigo. Ya ja da baya ya harɗe hannu.

"Malam, a duba muna."

Na zaro guda, na goge a hannun riga. Hanya mai sauƙi tana gabana a shimfiɗe. In kai baki, in rufe ido, in ce ta yi. Kayansa su shiga, haƙorina ya tsira da sunansa. Sai dai kowa zai ce ai ta bushe ne a ɗaki, sunan mai jiƙa aya ya zauna masa har jikoki, ni kuma in zauna da Malam har kabari.

Na mayar da ayar cikin buhu. Na dafa na hau amalanken, jakin ya waiwayo ya dube ni. Na sa yatsa na ja kuncina na dama har kunne, na kira jama'a su zo su gani, na fara bayani a haka. Abin da ya fito ba Hausa ba ce. Kasuwa ta taru tana dariya, mai shayi yana cewa yau kuma taubasai da sabon salo suka zo.

Taubashina ya ce, "Malam, ba mu ji ba."

Na cire yatsa na goge a riga. Na faɗi zancen siminti, da alwala, da duban fuska, da guntun da aka zaro. Suna ta dariya, don harshena ne ke magana, kuma sun saba da shi. Alhaji ya ce, "Wai wasa ne ko gaske?" Na ce ya ciza da kansa, don daga yau babu sauran shaida a bakina, haƙorin da suka sani ya ajiye aiki tun kafin ranar da na tofar da ayar nan, in suna son mai cizo su nemi wani, ni sai dai in riƙe tiya. A nan dariyar ta tsaya. Babu wanda ya taɓa jin na rage wa kaina wani abu, sun san ƙari nake yi. Alhaji ya ciza, aka ji ƙaras.

Na juya wurin taubashina na fara, "Ɗan'uwana, ina roƙon..."

Ya ɗaga hannu. "Wa ka ba haƙuri? Ni wani ɗan'uwa bai yi min komi ba. Wani maigida marar rumbu dai nis sani, shi ko ban gane shi nan ba."

Na sauko daga amalanken, na cire hulata ta kai, wadda ba ta aro ba ce ko me zai ce, na tsuguna a gaban buhunsa inda kowa ke gani, na ce:

"Bawana, ga maigida marar rumbu, yanzu kuma marar haƙori. Ayarka ba ta taɓa ganin ruwa ba sai a bakina. Na sani tun azahar ɗin ranar, na yi shiru don ina tsoron a daina girmama ni, na bar ka da sunan da ba naka ba. Ban kyauta ba. Ka yafe mani don Allah, kuma in ka yafe, ka daina gaishe ni."